Neman shawara: me ake nufi da "plumose"?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shekara ta biyu a kwalejin kiwon lafiya, jibi za a yi mana gwajin bambance sauro namiji da mace. A takardar da malam ya raba mana an ce eriyar namiji (wato 'yan tsinkaye biyun nan da ke kansa) "plumose" ce, ta mace kuma "pilose". Ƙamus ya ce wai "plumose" na nufin mai kama da gashin tsuntsu. To ina sauro ina gashin tsuntsu? Na haddace amma ban gane ba, ina tsoron a sa min sauro gaban madubin ƙara girma in daburce. Don Allah a taimaka.

Wani mai aiki a ɗakin gwaji:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki ajiye haddar tukuna, ki tuna gashin jimina: sanda guda a tsakiya, siraran gasu sun fito mata ta kowane gefe. Siffar da kalmar ke nufi ke nan, ba gashin tsuntsu na gaske ba. Asalinta Latin ne, "pluma", wato lallausan gashin tsuntsu, ana kuma furta ta "pulumos".

Yau da daddare ki kama sauro biyu ko uku a kwalba, ki duba kansu da madubin ƙara girma. Na namiji za ki ga eriyarsa ta yi buzu-buzu, dogayen gasu zagaye da kowace gaɓa. Ta mace kamar zare ce, gasun gajeru tsilli-tsilli, ita ce "pilose". Gashin nan ba ado ba ne. Da shi namijin ke jin ƙarar fukafukan mace: gasun su yi rawa, wata gaɓa da ke gindin eriyar ta karɓi motsin. Wani likita Ba'amurke, Christopher Johnston, shi ya fara bayaninta a 1855, har yau da sunansa ake kiranta. Kuma wanda kika gani da buzu-buzu ba ya cizo, ruwan fure yake sha.

Wata malamar sakandare:
'Yata, ki kiyaye kada ki haɗa "plumose" da "pinnate", a nan ɗalibaina ke yawan faɗuwa. Ita ma daga gashin tsuntsu ta samo suna, amma an fi faɗinta ga ganyen da ya jeru dama da hagu, irin na tsamiya, dogonyaro da dabino. "Plumose" ta gashi ce mai laushi. A tsirrai za ki same ta a furen dawa da shinkafa, ɗan gashin nan da ke cafke garin furen da iska ta kwaso.

Wani ɗalibi:
Ashe audugar tumfafiya ma "plumose" ce ke nan, Malama?

Malamar:
A'a ɗana. Ka ciro sili ɗaya ka duba, santal yake, ba shi da rassa. Laushi kaɗai bai isa ba, sai silin ya fitar da ƙananan gasu a jikinsa.

Mai tambaya:
Yaya, na kama huɗu a bayan labule. Ɗaya kansa buzu-buzu, ko madubi ban sa ba na gane shi. Allah ya saka muku da alheri.