Ta yaya ake lissafa gudun jini a ƙofofin zuciya?

Ɗalibin fizis, Marwa:
Assalamu alaikum. An yi wa ƙanwata hoton zuciya, likita ya ce ƙofar da jini ke bi daga zuciya zuwa babbar jijiya ta ƙuntata, har ya faɗi bambancin matsin jini a ɓangarorin ƙofar biyu, alhali ɗora mata na'ura kawai ya yi a ƙirji. Abin ya tsaya mini a rai: ta yaya aka san matsi ba tare da an shiga ciki ba?

Likita, Garwa:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Saurin jini na'urar take aunawa da amsa-kuwwar sauti, ta hanyar Doppler, wato sauyin da sautin ke yi idan ya dawo daga abu mai motsi, sannan a fitar da matsin da taƙaitacciyar ƙa'idar Bernoulli: a ninka saurin da kansa, a sake ninkawa da 4. Idan jinin yana gudun mita 4 a daƙiƙa, bambancin ya kai milimita 64 a ma'aunin zaiba, wanda mu a wurinmu ƙunci ne mai tsanani. Kada ku yi wasa da ranar komawa asibiti.

Malamin lissafi, Ngaundere:
Ɗana, ka lura da mai ban ruwan albasa a wajen Marwa idan ya danne bakin tiyo da babban yatsa: ruwan yana fita da ƙarfi, amma injin ne ke shan wahala. Haka zuciya take yi a bayan ƙuntatacciyar ƙofa, domin tana tura kusan lita 5 a minti ko da mutum yana hutawa.

A jijiyoyi kuwa akwai dokar Poiseuille, wadda ta nuna cewa idan faɗin bututu ya ragu da rabi, abin da ke wucewa zai ragu ninki 16 matuƙar matsin bai canja ba. Sai dai ina jan kunnen ɗalibaina kada su ɗora ta a kan ƙofar zuciya, saboda an gina ta ne a kan bututu mai tauri da ruwa mai tafiya a natse, jini kuwa bugu-bugu yake zuwa, jijiya tana buɗewa tana komawa. Wannan talewar ce masanin aikin zuciya Otto Frank ya sa a lissafi a 1899. A 1972 masanin lissafi Charles Peskin ya fito da dabarar da kwamfuta ke lissafa motsin marfin ƙofar da na jinin tare, kowanne yana tura ɗan'uwansa.

Ɗalibin fizis, Marwa:
Na gode, Likita, na gode, Malam. Zan nemi takardar hoton in duba saurin da aka rubuta, in yi lissafin da hannuna.