Neman shawara: ina so in ƙara tuwita a Corolla, me ya kamata in sani?

Baban Hanifa, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Corolla ƙirar 2006, tun kafin in saye ta an canza mata rediyo zuwa Pioneer mai bulutut. Sifikun ƙofa duk suna aiki, amma sautin a dushe yake. Ni ba ma'abocin kiɗa ba ne, yawanci karatun Alƙur'ani, tafsiri da labarai nake saurare, kuma aikina yana sa ni yawan bin hanyar Zariya. Da mota ta ɗauki gudu sai ƙarar taya ta cinye maganar, in na ƙara murya kuma ƙofa ta kama rawa, kalmomin dai ba su fita ba. Wani abokin aiki ya ce tuwita zan sa, wato 'yar ƙaramar sifikar nan ta siririn sauti. Na leƙa Kasuwar Gumi na ga iri-iri, mai shagon ya ce a jona su kai tsaye da wayar sifikar ƙofa, shi ke nan. Hankalina bai kwanta da hakan ba. Don Allah masu sani, wace iri zan saya, a ina ake kafa ta, kuma ba za ta ƙona mini rediyo ba?

Oga Mai Wayarin, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Alhaji. Gara da hankalinka bai kwanta ba. Tuwitar ce za ta fara mutuwa. Ita an yi ta ne don siririn sauti kawai, daga wajen 2,000 Hz zuwa 20,000 Hz (Hz ma'aunin sauti ne, yawan lambar shi ne sirantar sautin). Zaren wayar da ke cikinta siriri ne ƙwarai, in ka sakar mata bes kai tsaye sai ya yi zafi ya tsinke. Kusan duk tuwitar da ake kawo mini a mace, abin da ya kashe ta ke nan.

Maganinsa kafasita ce, a jere a kan wayar fulos, tsakanin wayar sifika da tuwitar. Ita ke tare bes ta bar siririn ya wuce. Kafin ka biya kuɗi ka buɗe kwalin ka duba, wasu tuwitocin suna zuwa da ita a maƙale a jikin waya cikin baƙar roba, wasu kuma da ƙaramin akwatin kurosoba, wanda shi ma aikinsa tare bes ne. In babu ko ɗaya, ka sayi kafasita wadda ba ta da fulos da mainos, za ka ga an rubuta NP ko BP a jikinta, mai bolt 50 ko 100. Kada a ba ka irin ta cikin talabijin mai zane a gefe ɗaya, ba aikinta ba ne.

Girmanta kuma shi ke nuna inda za ta fara yanka. A tuwita mai om 4, kafasita 4.7uF tana fara yanka daga wajen 8,500 Hz zuwa ƙasa, 6.8uF wajen 5,900, 10uF kuma wajen 4,000. Tun da magana kake saurare, ni 6.8 zan sa maka. Ta 4.7 ta fi kare tuwitar, amma abin da za ta bari ya wuce ya yi sama da inda kake buƙata.

Injiniya, Barnawa:
Oga ya faɗi gaskiya a kan kafasita, amma ni ina so mu koma baya kaɗan. Alhaji ya ce ƙofa tana rawa in ya ƙara murya. Motar 2006 ce, in ba a taɓa canza sifikun ba, akwai yiwuwar takardarsu ko robar gefensu ta yage, ga zafi ga ruwan damina da ke bi ta gilashi. Gangar jikin muryar mutum ba a tuwita take ba. Layin tarho na da daga 300 zuwa 3,400 Hz kawai yake ɗauka, kuma a haka ake gane magana. Wannan yankin duk aikin sifikar ƙofa ne. In ta lalace, tuwita za ta ƙara maka "sss" ne a saman sauti maras kyau, ka fi gajiya da saurare. A cire murfin ƙofa a duba tukuna.

Sai dai in sifikun lafiyarsu lau, to lallai tuwita za ta taimaka, musamman a karatu. Haruffa irin sin da shin da sad, ƙarfinsu yana can sama ne, wajen 4,000 zuwa 8,000 Hz, kuma siririn sauti a miƙe yake tafiya, ba ya zagaye abu yadda bes ke yi. Sifikar ƙofa tana daidai ƙafarka, wando da kujera sun sha shi kafin ya iso kunne. Shi ya sa ake ɗaga tuwita sama.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, ta ɓangaren direba ce ta fi rawa, zan sa a buɗe. To wurin kafawa fa? Na ga wasu suna manna su a kan dashbod.

Direban Kawo:
Yallaɓai kada ka manna a dashbod da gam ɗin nan mai fuska biyu. Ranar Kaduna a watan Maris da Afrilu ba ta barin sa, mota ta yi awa biyu a fili sai ka tarar da tuwita tana lilo a jikin waya. Ga ƙurar hunturu da ke taruwa a kanta tun da sama take kallo. Kuma sautin gilashin gaba yake duka ya dawo, ya yi kaifi har ya dame ka a doguwar tafiya. Ni a 'yar kusurwar nan ta jikin madubin gefe na sa nawa, ta ciki, inda baƙar roba mai kusurwa uku take. Ana ɓalle ta da hannu, a huda, a ɗaure da noti ko a zaunar da ita a ramin.

Oga Mai Wayarin:
Wurin da Direba ya faɗa shi ne daidai, kuma waya ba ta da nisa daga sifikar ƙofa, ba sai an bi da ita ta cikin robar da ke tsakanin ƙofa da bodi ba. Wasu Corolla na wannan zubin ma da tuwitar kamfani suke zuwa a nan ɗin. Alhaji ka duba taka, in ka ga raga-raga a kusurwar, to akwai, wataƙila mutuwa ta yi. In haka ne a yi hattara: a motocin Toyota da yawa wayar sifikar ƙofa ta cikin soket ɗin tuwita take bi, waya huɗu za ka gani. Aka zare soket ɗin aka bar shi haka, sifikar ƙofa ma sai ta yi shiru, mutum ya ɗauka rediyo ya lalace. Sai an haɗe wayoyin biyu-biyu yadda suke.

Masu son kafawa a ginshiƙin gefen gilashin gaba kuma, su fara dubawa ko an rubuta SRS a jikin robar. In akwai, jakar iska tana bayan wurin, ba a huda shi, ba a ratsa waya ta gabansa. Wannan maganar rai ce, ba ta sauti ba.

Maman Sadik, Malali:
Ni ba na aikin wayarin, amma ga abin da kunnena ya gaya mini. A motar gidanmu an fara sa masu arahar nan da ake kira fiyezo, waɗanda ba su da maganaɗisu, in ka ɗaga ba nauyi. Yara suka riƙa cewa a rage, kunne yana musu zafi. Da aka canza zuwa masu kan siliki, wato masu laushi in ka taɓa tsakiyar a hankali, sai muryar mai karatu ta fito sarai ba tare da tsinin nan ba. Masu kan ƙarfe sun fi ƙyalli a kiɗa, amma don tafsiri ni siliki zan ce maka. Ka tafi da karatun da ka saba ji a wayarka, ka ce a gwada maka a shagon.

Injiniya:
Hajiya ta yi daidai. Kuma kada lambar jikin kwali ta ruɗe ka, wai wat 300 ko 500. Wadda aka rubuta RMS, wato ƙarfin da take iya ɗauka a kai a kai, ita ce abin dubawa. Rediyon mota da aka rubuta masa 50W sau 4, ainihin abin da yake bayarwa a kowace sifika bai wuce wat 14 zuwa 22 ba, don haka kowace tuwita ta kirki za ta ɗauka, ba ka buƙatar amfilifaya. Abu ɗaya kuma: a tashar FM da bulutut za ka ji bambanci, don FM tana kai wa 15,000 Hz. A matsakaicin zango da gajeren zango ba za ka ji wani canji mai yawa ba, siririn sautin tun daga tasha ba ya zuwa, sai ma shuuu ɗin ya ƙara fitowa.

Baban Hanifa:
Madalla. Tambaya ta ƙarshe Oga: yaya zan tabbatar ba a juya fulos da mainos ba? Ina so in tsaya a kan aikin da kaina.

Oga Mai Wayarin:
Da farko a cire kan batir na mainos kafin a taɓa komai. Tun da Pioneer ne, launin wayoyinsa a bayan rediyo sananne ne: fara ita ce fulos ta gaban hagu, fara mai baƙin layi mainos, ruwan toka fulos ta gaban dama, mai baƙin layi mainos. Amma a cikin ƙofa launin Toyota ne, ya sha bamban, don haka a bi da mita a gano wacce ce wacce. Ana kuma iya taɓa ƙaramin batir na bolt 1.5 a wayoyin sifikar ƙofa, in takardar ta turo waje, wadda ke kan fulos ɗin batir ita ce fulos. Wannan gwajin na babbar sifika ne kawai, kada a yi wa tuwita.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne hagu da dama su zama iri ɗaya. In an juya ɗaya, muryar ba za ta tsaya a tsakiyar gilashi ba, za ka ji ta a warwatse. A yi solda a rufe da robar da ake ƙonawa ta kama, ba a murɗe waya a naɗe da tef ba, don ramukan hanya da zafi suna kwance shi. Kada mainos ɗin sifika ya taɓa bodi, wannan kam yana ƙona rediyo.

Bayan an gama, ka mayar da tirebul da bes zuwa sifili ka saurara tukuna. In ta yi kaifi, akwatin kurosoba yakan zo da wurin -3dB mai rage ƙarfin tuwita, a mayar can. In kafasita ce kawai, a ƙara rezista mai om 2 wat 5 a jere da ita a kowane ɓangare, don ta rage wa tuwitar ƙarfi. Ka zo da motar da safe kafin rana ta yi zafi, don robar ƙofa da 'yan maɓallanta sai an bi su a hankali, kuma ka sayi maɓallan guda goma a Panteka ka riƙe, na tsohuwar mota ba sa fita duka lafiya.