Neman kalma: rubutu ɗaya, asali daban-daban

Assalamu alaikum jama'a, musamman malaman Hausa da masu aikin fassara. Akwai kalmar da Turawa ke cewa homograph, daga Girkanci, wato "rubutu iri ɗaya". Ina so mu tsayar mata da suna a Hausa, kuma ina da wanda nake goyon baya. Amma bari mu fara ganin abin da ido.

Ku ɗauki haruffa uku: k, a, i. A wurinmu "kai" shi ne abin da ke bisa wuya, shi ne kuma namijin da kake magana da shi, ga "kai" na kai saƙo. A Girkanci ma'anarsa "da". A harshen mutanen Hawai teku ne. Wurin Mawori na Niyu Zilan abinci ne. A Jamusanci bakin ruwa ne inda jirgi ke tsayawa a sauke kaya. Babu wanda ya ara daga wani, kowa da inda ya samo nasa.

Ga wanda ya fi kusa da mu. Yaro mai suna Sale, wanda sunansa ya fito daga Salihu na Larabci, idan ya shiga aji a Maraɗi zai tarar s-a-l-e a Faransanci na nufin abu mai datti. Ya tsallako Katsina, a Ingilishi sayarwa ce. A Italiya gishiri ne, kuma yadda suke furta shi ya yi kusa da namu. A Sifaniyanci kuwa "yana fita". Haka "gari": birni ko garin tuwo a nan, mota a Swahili, wadda ta zo musu daga harsunan Indiya.

Wani zai ce wannan ai wasan kalmomi ne kawai. A'a, yana da aiki. A watan Afrilun 2018, da aka kutsa zauren majalisar dattawa a Abuja aka ɗauke sandar majalisa, jaridun Ingilishi sun cika da kalmar m-a-c-e, don haka suke rubuta sunan sandar. Bahaushen da idonsa ya faɗa kan kanun labarin, "mace" zai fara karantawa. Irin wannan ne ke rikita na'urar fassara idan ta ga dare, wake, fate, rage ko take, ta ɗauka Ingilishi ne. Malamin da zai gargaɗi ɗalibai kan haka yana bukatar sunan da zai kira matsalar da shi.

To, sunayen da aka kawo.

Na farko "tagwayen kalmomi". Yana da daɗin faɗa, amma ban yarda da shi ba. Tagwaye ciki ɗaya suka fito, alhali jigon maganarmu shi ne babu dangantaka. Ga shi kuma masu nahawu sun riga sun ba "tagwai" aiki a wajen wasula irin ai da au, kada mu haɗa musu cunkoso.

Wani malami ya ce mu aro jinasi daga balagar Larabci. Wanda ya yi karatun zaure zai gane nan take. Sai dai jinasi ado ne da mai magana ke yi da gangan, ya jera kalmomi masu kama don armashi. Namu kuwa karo ne kawai aka yi a kan takarda.

Na uku "kama-da-wane", daga karin maganar nan, kama da wane ba ta wane. Wannan na so shi ƙwarai, kuma ina ganin kada mu yar da shi. Mu ajiye shi ga abin da Faransawa suka raɗa wa faux amis tun 1928, wato kalmar wani harshe da ke yaudarar mai koyo don ta yi kama da wadda ya sani, ko da harafi ɗaya ko biyu sun bambanta. Wancan ya fi faɗi, namu sai rubutun ya zo daidai harafi da harafi.

Abin da na tsaya a kai shi ne "takwarar rubutu", jam'i "takwarorin rubutu". Takwaranka sunanku ɗaya, amma kowa da ubansa da garinsa da halinsa, kuma ba sai an yi wa kowane Bahaushe bayanin haka ba. Na ƙara "rubutu" don a nan kaɗai suke haɗuwa. Da baki, "mace" tamu da ta Ingilishi ko kusa ba su yi ba. Ka mayar da su ajami ma, takwarantakar ta watse, don boko ne ya haɗa su.

Sunan yana kuma rabuwa biyu cikin sauƙi. Takwarar gida ita ce ta cikin Hausa, irin "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa, waɗanda suka zama ɗaya a takarda saboda ba ma nuna karin sauti da tsawon wasali a rubutun yau da kullum. Takwarar ƙetare ita ce tsakanin harsuna.

Inda na san za a ja da ni shi ne g-i-f-t: kyauta a Ingilishi, guba a Jamusanci. Waɗannan tushensu ɗaya, daga aikatau na "bayarwa", daga baya ma'ana ta raba hanya. Ni dai ina ganin su ma su shiga, tunda ɗan wanka ma yana iya zama takwaranka. Mai son tantancewa sai ya ce takwara ta jini ko takwara bare.

Ku gwada a jimla ku ji: "Sale na Hausa da sale na Italiyanci takwarorin rubutu ne." Mutanen Damagaram da Sakkwato da zangon Kumasi, ku faɗa mana ko "takwara" na da wata ma'ana a bakinku da za ta hana shi zama.