Databes ta lalace bayan an ɗauke wuta, don Allah a taimaka

Ɗan Sabon Gari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi ina cikin damuwa. Akwai shafin wata makaranta da nake kula da shi nan Zariya inda iyaye ke duba sakamakon yara, sabar kuma kwamfuta ce guda a ofis ɗin makarantar, da MySQL (manhajar databes da ke riƙe da bayanan) a kai. Jiya malamai na tsaka da shigar da maki aka ɗauke wuta, batirin inbata dama ya daɗe da mutuwa, kwamfutar ta mutu nan take. Yanzu shafin na buɗewa amma wajen sakamako sai ya ce teburin databes ɗin ya yi kirash (ya lalace) a gyara shi. Bakof ɗina (kwafin ajiyar bayanan) na ƙarshe tun zangon da ya wuce ne, ga iyaye sai kira suke, ban ma iya barci ba.

Injiniya Samaru:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ƙanina. Kafin ka taɓa komai tsayar da MySQL ka kwafe folda ɗin databes gaba ɗaya zuwa filash, in Linux ce yawanci tana /var/lib/mysql, saboda in gyara ya ɓaci kana da wajen komawa. Wannan saƙon na teburin MyISAM ne (ɗaya daga cikin tsarin da MySQL ke ajiye teburi da su), shi kam ba ya jure mutuwar wuta ana cikin rubutu. Kunna MySQL ɗin ka shiga phpMyAdmin (shafin da ake sarrafa databes da shi) ka zaɓi teburin ka yi REPAIR TABLE, sau da yawa yana dawowa, sai dai layukan da ake shigarwa lokacin za su iya salwanta, malamai su sake duba makin jiya da takardunsu.

Maman Hanif:
Ka duba ko diski ya cika ma, umarnin df -h zai nuna maka. Ni haka ta faru da ni, gyaran ya ƙi tafiya ashe babu fili ne.

Malam na Tudun Wada:
Abin da Injiniya ya faɗa haka yake. In kuma ka ga MySQL ɗin ce kanta ke tashi tana faɗuwa, to duba log (fayil ɗin da take rubuta kurakurai), wataƙila InnoDB (wani tsarin ajiye teburi na MySQL) ce ta samu matsala, sai ka sa saitin innodb_force_recovery (mai tilasta mata tashi) a 1, in ta ƙi 2, zuwa 3. Daga 4 zuwa 6 akwai haɗari, za ka iya ƙarasa lalata bayanan, kada ka je nan kai kaɗai. Da ta tashi ka fitar da kwafin komai da umarnin mysqldump.

Injiniya Samaru:
Bayan an gama ka mayar da teburan zuwa InnoDB, ita tana farfaɗo da kanta bayan irin wannan. Kuma ka zauna da hedimasta a kan batirin nan ko ƙaramin UPS (na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke), da bakof kullum dare a wani waje daban, ba cikin kwamfutar ba.

Ɗan Sabon Gari:
Alhamdulillah! Na kwafe na yi gyaran, teburin ya dawo, makin aji ɗaya ne kawai bai cika ba kuma malamin na da takardarsa. Allah ya saka muku da alheri. Injiniya, yaya ake saita bakof ɗin ya riƙa yin kansa?

Injiniya Samaru:
Da cron ne, manhajar da ke gudanar da aiki da kanta a lokacin da ka saita mata. Gobe bayan la'asar in kana kusa da Samaru ka biyo da laftof ɗinka mu saita tare.