Zaren ɗinkin fatar ido mai narkewa: kwana nawa yake yi kafin ya tafi?

Ma'aikacin Lafiya na Karkara:

Assalamu alaikum. Ina neman haske daga masu aikin ido. Mutanen da aka yi wa tiyatar fatar ido a manyan asibitoci kan dawo gida da magana guda, wai an ce musu zaren zai narke da kansa. Sai a kwana 12 ko 15 su zo ƙaramin asibiti, zare na nan daram, wani da ƙaiƙayi, wani da ɗan ƙurji a kan ƙulli, kuma babu takardar da ta faɗi irin zaren da aka sa. Yawancinsu aikin gashin ido mai juyawa ciki ne, na tarakoma, wadda wasu ke kira amosanin ido. Sai kaɗan da aka rage musu fatar da ta zubo ta rufe ido saboda tsufa, da masu yankan haɗari. Kwana nawa ya kamata a jira? Yaushe za a ce zaren ya wuce lokacinsa? Kuma wanne ne za a iya datsewa a nan, wanne ne ba a taɓawa?

Likitan Ido:

Wa alaikumus salam, Malam. Kalmar narkewa ce ke rikitar da mutane, domin ranaku uku ne ake cusawa a cikinta. Akwai ranar da zaren zai rasa ƙarfinsa ya daina riƙe komai. Akwai ranar da ɓangaren da ake gani a saman fata zai faɗi. Akwai kuma ranar da jiki zai gama cinye ɓangaren da ke binne cikin nama. Tsakanin ta farko da ta ƙarshe ana iya samun wata biyu, wani lokaci fiye.

Ɓangaren da ke waje ba ya narkewa ko kaɗan. Zaren na buƙatar ruwan jiki kafin ya lalace, shi kuwa ƙullin da ke saman fata a bushe yake. Faɗuwa yake yi idan na ƙarƙashinsa ya tsinke. Shi ya sa za ka ga ƙulli maƙale da ɓawon jini alhali ya daɗe da daina aiki.

Zare mai narkewa iri biyu ne manya. Na farko katgot, wanda ake yi da hanjin tumaki ko na shanu, kuma jiki na narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama. Katgot mai saurin narkewa, da ake ɗinka fatar ido da shi, ƙarfinsa na tafiya cikin kwana 5 zuwa 7, yawanci ya zube cikin mako ɗaya zuwa biyu, na cikin nama ya ɓace tsakanin kwana 21 da 42. Katgot na yau da kullum yana riƙewa kwana 7 zuwa 10, ya ɓace wajen kwana 70. Kuromik, wanda aka jiƙa da sinadari don ya daɗe, yana riƙewa mako biyu zuwa uku, ya kai kwana 90 kafin ya ɓace. Shi ne ya fi yawa a ɗakunan tiyatarmu saboda araha, kuma kamar sauran katgot, ya fi zaren roba tayar da ja da kumburi a kewayen ƙulli.

Na biyu zaren roba, wanda ruwan jiki ke warware shi sannu a hankali. Vicryl Rapide na rasa rabin ƙarfinsa a kwana 5, ya rasa duka a kwana 10 zuwa 14, ya ɓace wajen kwana 42. Vicryl na asali kuwa a mako biyu yana da kashi 75 cikin 100 na ƙarfinsa, a mako uku yana da rabi, ba ya ɓacewa sai kwana 56 zuwa 70. Monocryl na kai wata uku zuwa huɗu a cikin nama. To wanda aka ɗinke wa fata da Vicryl na asali aka ce masa zai narke, ba ƙarya aka yi masa ba, amma zai yi wata guda ko fiye yana ganin zare a madubi.

A nan matsalar take. Fatar ido ita ce mafi siranta a jikin mutum, ba ta kai milimita ɗaya ba, ga jini na gudana sosai a wurin, don haka bakin yankan na haɗewa cikin kwana 5 zuwa 7. Bayan haka zaren da ke saman fata ba ya ƙara komai sai ɓarna. Fata na bin ramin da zaren ya ratsa tana lulluɓe shi, sai a samu ɗige-ɗigen tabo a jere a gefen yankan, ko ƙananan fararen ƙuraje masu kama da ƙwayar gero. A baƙar fata kuma doguwar kumburi kan bar duhu a layin. Saboda haka likitoci da yawa na datse zaren fata a kwana 7 zuwa 10 ko da mai narkewa ne.

Launi na ba da alama, ko da yake ba hujja ba ce. Baƙi yawanci siliki ne ko nailan, shuɗi mai sheƙi Prolene ne, kuma duka ukun ba sa narkewa, cire su ake yi. Shunayya yawanci Vicryl ne. Ruwan ƙasa ko mai ɗan rawaya katgot ne. Busasshen jini na mayar da kowane zare baƙi, sai an wanke kafin a yanke hukunci.

Nas Mai Aikin Gashin Ido:

Likita ya yi bayani, amma ina roƙon Malam ya raba aikin tarakoma da sauran, domin dokar kwana 7 ba ta hau kansa kai tsaye ba.

A aikin rage fata, zaren haɗa baki biyu kawai yake yi. A aikin gashin ido, zaren ne ke riƙe da siffar fatar ido gaba ɗaya. Cikin fatar ido akwai wani faifai mai tauri kamar guringuntsi. Tabon tarakoma ne ke tanƙwara shi ciki har gashi ya riƙa gogar baƙin ido. Ana yanka faifan a tsawonsa, kamar milimita 3 daga bakin fatar, a juya gefen da ke ɗauke da gashi zuwa waje, a ɗaure shi da ɗinki uku, ɗaya a tsakiya, biyu a gefe. Wasu na yankawa ta waje har ciki, wasu ta ciki kawai, wato hanyar Trabut da aka fi bi a Nijar da ƙasashen da ke amfani da Faransanci. Ko ta wace hanya, ƙullin na fitowa a saman fata kusa da layin gashi. Idan aka datse shi a kwana 4 ko 5 don mara lafiya na kukan ƙaiƙayi, faifan bai kama a sabon matsayinsa ba, bakin fatar zai koma ciki, aiki ya tashi a banza.

Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa shi ne a duba mutum washegari a cire bandeji, a sake dubawa tsakanin kwana 7 da 14, sannan a wata 3 zuwa 6. Idan siliki ne, a zuwa na biyu ake cire shi, kuma lallai ne a cire. Siliki saƙaƙƙen zare ne, ƙwayoyin cuta na ɓuya a cikin saƙarsa, idan ya yi makonni sai mugunya da tsiron nama su biyo baya. Idan Vicryl ne ana iya barinsa, ƙullin ya faɗi da kansa cikin makonni. An gwada su biyun a yankin Amhara na ƙasar Habasha a kan mutum 1,300, aka buga sakamakon a 2011, kuma ba a ga bambanci ba wajen dawowar gashin bayan shekara guda. Ribar mai narkewa ita ce tsohuwar da ke nesa da asibiti ba za ta zauna da siliki a ido ba don ta rasa kuɗin mota. Amma ba a fasa zuwa na biyu, domin a nan ake gane ko juyin ya yi yawa, ko bai isa ba, ko bakin fatar ya karkace.

Ƙurjin da ka ambata kuma a duba shi da kyau. A juya fatar ido ta sama a haska tocila. Idan ka ga jan tsiro mai laushi kamar ƙwayar wake a ciki, mai saurin zubar da jini, tsiron nama ne da ke fitowa a bakin yanka ko a kan guntun zare da ya rage. Man ido ba ya kawar da babba. Ana ɗiga maganin kashe zafi a yanke shi daga gindi a zare guntun, aikin mintuna kaɗan ne a hannun wanda aka horar.

Ma'aikaciyar Ɗakin Tiyata:

Ni ta wajen kula da wurin zan shiga, domin rabin zaren da ake cewa ya ƙi narkewa bushewa ce ta riƙe shi. A hunturu abin ya fi tsanani. Iska ta busar da kwantsa da jini, su daskare a kan ƙulli kamar ƙanzo, zaren ya tsinke a ƙasa amma ɓawon ya hana shi faɗuwa.

Kwana biyu na farko sanyi ake sawa, tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, minti 10 zuwa 15, sau da yawa a yini, kuma a kwanta da kai a sama kan matashi biyu. Daga kwana na uku a koma ɗumi. A tafasa ruwa a bar shi ya huce har bayan hannu ya iya jurewa, a jiƙa bandeji ko auduga, a ɗora a kan rufaffen ido minti 5, sau biyu ko uku a rana. Sannan a share a hankali daga gefen hanci zuwa waje, shara ɗaya auduga ɗaya. Bayan haka a sa man idon da aka rubuta, irin su tetracycline ko chloramphenicol, gwargwadon ƙwayar shinkafa a kan layin. Man na tausasa ɓawo, ƙulli ya fita a kan audugar da kansa.

Kada sifirit ko aidin mai ƙarfi ko ruwan kumfa na wanke ciwo su kusanci wurin, suna ƙona baƙin ido. Kwalli da tozali da hoda a ajiye su aƙalla mako biyu, domin garin kwalli na shiga ramin zare ya bar baƙin ɗigo da ba ya fita. Wajen alwala, bayan kwana biyu ruwa mai tsabta ba ya cutarwa, murzawa ce ke cutarwa, a shafa a tsane da tawul ba tare da goga ba. Sunkuyar da kai ƙasa a kwanakin farko na ƙara kumburi, yana iya tayar da jini, don haka a faɗa wa dattawa su yi salla a zaune na ɗan lokaci idan likita ya ce haka. Hayaƙin murhu da ƙura ma a kauce musu, tabarau na taimakawa.

Idan za a datse zaren fata kawai, bayan kwana 7 zuwa 10 kuma baki ya haɗe: a jiƙa wurin tukuna, mara lafiya ya kwanta ya rufe ido, a ɗaga ƙulli da hantsaki mai tsabta, a yanke gefe ɗaya daf da fata a ƙarƙashin ƙullin, a ja zuwa wajen yankan don kada ya buɗe. Ba a yanke gefe biyu, in aka yi haka guntu na saura a ciki. Idan ɗinki ne mai tafiya a jere da zare guda, ko wanda aka binne ƙarƙashin fata, jelar da ta leƙo kawai ake datsewa daidai da fata, ba a ja.

Ma'aikacin Lafiya na Karkara:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Saura masu yankan haɗari. Kuma wane hali ne zan tura mutum asibitin ido nan take?

Likitan Ido:

Amin, Malam. A yankan da ya ratsa bakin fatar ido, inda gashi ke fitowa, ɗinkin bakin na zama kwana 10 zuwa 14, domin in aka cire da wuri wurin na tsagewa ya bar giɓi. Za ka ga an bar jelarsa da tsawo an ɗaure ta a kan fata. Da gangan aka yi, don kada gajeren tsini ya soki baƙin ido, kada a gajarta ta. Idan kuma yankan na kusa da hanci ne ka ga wani siririn abu mai haske kamar tsarkiya a kusurwar ido, ba zare ba ne, bututun roba ne da aka sa a hanyar hawaye don kada ta toshe. Yana zama wata uku ko fiye, kuma wanda ya sa shi ne ke cire shi.

Wani lokaci a mako na 3 zuwa na 8 jiki kan turo ƙullin da aka binne, ya fito kamar ƙurji mai farin kai da ɗan zare a tsakiya. Wannan ba abin tsoro ba ne, a gasa da ruwan ɗumi, in zaren ya leƙo a datse. Masu ciwon suga da masu shan taba sun fi jinkirin warkewa, a ƙara musu kwana biyu ko uku kafin a taɓa ɗinkinsu.

Waɗanda ba a jira da su: zafi mai tsanani da ido ya turo waje ya yi tauri, gani na raguwa, musamman a ranar aikin ko washegari. Jini ne ke taruwa a bayan ido yana matse jijiyar gani, kuma sa'o'i kaɗan ke raba mutum da makanta. Saboda wannan ne ake ba da farasitamol don zafi a guje wa asfirin da ibuprofen, sai dai wanda likitan zuciya ya ɗora a kan asfirin kada ya daina da kansa. Sai wanda ke jin kamar tsakuwa a ido duk ƙiftawa, da hawaye da gudun haske, alamar zare na gogar baƙin ido ta ciki, kuma gyambo na iya fitowa cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai ja da kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana na uku maimakon raguwa, da mugunya ko zazzaɓi. Sai yankan da ya buɗe, da idon da ba ya rufuwa lokacin barci. Na ƙarshen nan a cika masa man ido da dare kafin ya kama hanya, domin baƙin ido na bushewa a dare ɗaya.

Idan za ka rubuta takardar turawa, ka sa ranar da aka yi aikin, da launin zaren bayan wankewa, da ko mutum na iya ƙirga yatsu daga nisan mita 3 da wannan idon shi kaɗai.