Sojan b2: Musayar Baiti Kan Darar Ces

Mai Fari:

Sallama gare ka, yaya mai baƙi,
Wasanmu na jiya na zo tunawa.
Makin ƙwarewarka 1800, nawa 1600,
'Yan kallo duk sun ce ba ni kaiwa.
Na tura soja gidan e4, ka amsa da c5,
Tsaron Sisiliya kake ginawa.
Sarauniyarka ta hango soja a b2,
Ta bar gida ta tafi cinyewa.
Hasumiyata ta zo b1 ta kore ta,
Ta koma a3 tana raɓewa.
Sarkinka na e8 bai shiga lungu ba,
Dokina ya faɗa e6 ba tsayawa.

Mai Baƙi:

Amin, ƙanena, sannu da aiki,
Cin da ka yi ba na musantawa.
Amma kar ka ga laifin cin sojan,
Hanya ce da manya ke takawa.
Gwani Bobi Fisha ya sha cin sa a Najdof, reshen tsaron Sisiliya,
Ya riƙe ribarsa har gamawa.
Agogo ne ya karya ni, ƙanena,
Minti 90 suka yi ta zubewa.
Daƙiƙa 30 da ake ƙara mana a kowane motsi,
Ba sa isar mai neman kuɓucewa.

Ɗan Kallo:

Malam, tunda Fisha ka kawo shaida,
Bari in ƙarasa, ba ragewa.
A birnin Rekiyabik, gasar duniya ta 1972,
Wasa na 11 abin dubawa:
Abokin karawarsa Sipaski ya bar masa sojan ya ci,
Sarauniyar ta rasa wurin komawa.
Agogonka ma wa ya cinye shi?
Neman wa sarauniyarka hanya, da waiwayawa.
Tazarar maki 200, in ji Elo, lissafin makin 'yan ces,
Kashi 76 cikin 100 naka ne tun farawa.
Shi ya sa maki 15 suka bar hannunka,
Suka koma wurin yaro da zaunawa.

Mai Fari:

Hannuna na rawa da na ba da dokin,
Wanda ka taɓa, dole ne motsawa.
Yaya, gobe ka ɗauki fararen,
Ni in riƙe baƙi, mu yi ramawa.

Mai Baƙi:

A'a, bar mini baƙaƙena,
Najdof ɗin nan ba ni sakewa.
Daren jiya na shimfiɗa allon,
Na ga inda dokinka ke faɗuwa.
Ka sake miƙo b2 in ka yarda,
Zan ci shi, mu buga har ƙarewa.