Neman kalma: me za mu kira "county" da "divorce decree" da Hausa?

Mai fassara:
Assalamu alaikum, malamai. 'Yan'uwanmu mazauna Amurka, da waɗanda suka auri wanda ya taɓa yin aure a can, ana yawan ce musu su kawo shaidar mutuwar auren baya. Hukumar shige da fice ta USCIS ba ta karɓar sabon aure a takardar nema wa miji ko mata izinin zama sai an nuna mata cewa duk auren da ya gabata ya ƙare a shari'ance. Haka ma wajen sake ɗaura aure a rajista, da rabon gado, da neman haƙƙin fansho. Bayanin da ake ba mutane kuwa cike yake da kalmomin da ba mu tsayar musu da Hausa ba: "county", "clerk of court", "divorce decree", "divorce certificate", "sealed". Ta farkon wani ya ce ƙaramar hukuma, wani ya ce lardi. Ta ukun da ta huɗun kusan kowa takardar saki yake ce musu. Ina roƙon masana su taimaka mu tsayar da magana ɗaya.

Tafintan kotu:
Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara da "county", don wanda bai san ta ba bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. A Amurka raba aure aikin jiha ne, gwamnatin tarayya ba ta ajiye fayil ɗin kowa. Shi ya sa duk wanda ya shiga shafin PACER yana neman shari'ar aure ya ɓata lokacinsa, na kotunan tarayya ne kaɗai. Kowace jiha an yanka ta gida-gida, waɗannan yankuna su ne "county", kuma kusan kowane yanki yana da babban gari inda ginin kotu yake. Sun haura 3,000 a faɗin ƙasar. Teksas tana da 254, Delaware 3 kacal. Louisiana ba ta ma amfani da kalmar, "parish" take cewa, tana da 64.

Lardi ya yi mata girma. Ga Bahaushen Nijeriya lardi shi ne irin Lardin Kano ko Lardin Sakkwato na zamanin Razdan, wanda daga baya ya zama jiha guda ko fiye. Ƙaramar hukuma ta fi kusa ta fuskar matsayi, tunda ita ce ke ƙarƙashin jiha, amma tana da matsala biyu. A Amurka birni ma ƙaramar hukuma ne, da magajin garinsa da majalisarsa, kuma ba shi ke riƙe da fayil ɗin aure ba. Sannan da ka ce wa mutum ya je ƙaramar hukuma, sakatariya zai tuna, ba kotu ba. Ni gunduma na zaɓa. Gundumar Harris, gundumar Cook, gundumar Fulton. Ta zauna a baki, kuma masu labaran rediyo sun daɗe suna amfani da ita.

Malami daga Maraɗi:
Na goyi bayan gunduma. A wurinmu abin da ke ƙarƙashin jiha kai tsaye shi muke kira gunduma, ƙaramar hukuma kuma tana ƙasa da ita. Tsarin ya yi daidai da na Amurka: jiha, gunduma, sannan birni.

Barista:
Gunduma ta yi, amma akwai inda za ta yi karo da kanta, gara a faɗa tun yanzu. Mun saba fassara "district" da gunduma. To a Teksas yawanci ofisoshi biyu ne a gunduma ɗaya: akwai County Clerk, akwai District Clerk. Na farko shi ke ba da lasin ɗaurin aure da rajistar filaye, na biyu shi ke riƙe da fayilolin raba aure a mafi yawan gundumomi. In aka fassara duka biyun da magatakardan gunduma, mutum zai aika wasiƙa da kuɗinsa ofishin da ba shi ba, a dawo masa da ita bayan makonni. Saboda haka shawarata ita ce a yi bayani da Hausa, amma sunan ofis a bar shi yadda yake a jikin ƙofa, domin shi za a rubuta a kan ambulan.

Sunan kotun ma sauyawa yake daga jiha zuwa jiha. A Kalifoniya da Jojiya Superior Court ce. A Illinois da Florida da Maryland Circuit Court. A Ohio Court of Common Pleas. A Massachusetts Probate and Family Court. A New York sunanta Supreme Court, kuma don Allah kada wani ya fassara ta da kotun ƙoli, kotun matakin farko ce, daidai da babbar kotun jiha a wurinmu. Can Family Court tana sauraron rikicin riƙon yara da ciyarwa, amma ba ta raba aure.

Game da "clerk of court", akawun kotu ya yi ƙasa. Shugaban ofis ne mai ma'aikata da yawa, a jihohi da dama ma zaɓensa ake yi da ƙuri'a. Magatakardan kotu ya fi dacewa. Wanda ya saba da kotunan Nijeriya in ka ce masa rajistara nan take zai gane. A Pennsylvania kuma ana kiransa Prothonotary.

Tafintan kotu:
Allah ya ƙara basira, Barista. Bari in ƙara wani abu kan gano gundumar, don nan ne aka fi ɓata. Ba inda aka ɗaura aure ake nema ba, inda aka shigar da ƙara ake nema, wanda yawanci shi ne inda ɗaya daga cikin ma'auratan yake zaune a lokacin. Kuma sunan birni ba shi ne sunan gunduma ba. Mafi yawan birnin Houston yana cikin gundumar Harris, alhali akwai wata gundumar Houston daban a Teksas ɗin, mai babban gari a Crockett. A cikin birnin New York, Brooklyn ita ce gundumar Kings, Staten Island ita ce Richmond, Manhattan ita ce gundumar New York. 'Yan zangon Ghana da ke Bronx nasu da sauƙi, sunan ɗaya ne. Atlanta ta ratsa gundumomi biyu, Fulton da DeKalb. A Virginia akwai birane masu cin gashin kansu da ba sa cikin kowace gunduma, haka Baltimore a Maryland da St. Louis a Missouri, waɗanda kowanne yake da gunduma mai irin sunansa a gefe da kotunta daban. Sunan Washington kuwa kusan jihohi 30 ne suke da gunduma mai shi, don haka ba a rubuta gunduma ba tare da jiharta ba.

Malama mai koyar da Hausa:
To malamai, mu zo kan takardar saki. Ni ban ga laifinta ba. Ita kowa ya sani, tsohuwa da yarinya. In muka kawo wata doguwar magana, mutane za su ci gaba da faɗin abin da suka saba.

Barista:
Hajiya, sanin da kowa ya yi mata shi ne matsalar. Takardar saki a Hausa tana da ma'ana tsayayya: miji ne ya ɗauki alƙalami ya rubuta cewa ya saki matarsa, saki ɗaya ko biyu ko uku, ya sa hannu. Abin da ake nema a Amurka ba shi ba ne. Can miji ba ya sakin mata a idon doka, ɗayansu ne ke kai ƙara, alƙali ya yanke hukunci. Mutumin da ke zaune a Amurka ya rubuta wa matarsa saki, ko liman ya shaida rabuwarsu a masallaci, a addini aure ya ƙare, amma a wajen hukumar jihar suna nan miji da mata. In ya sake ɗaura aure a rajista a kan haka, sabon auren bai inganta ba, kuma takardun shige da fice da aka gina a kansa za su rushe. Kalmar da za ta sa mutum ya zaci takardar da ke aljihunsa ta wadatar, kalma ce mai cutarwa.

Hausa tana da abin da ya dace tun asali. In mace ta kai ƙara gaban alƙali, ba ma cewa alƙali ya sake ta, cewa muke alƙali ya raba auren. Don haka "divorce decree" hukuncin raba aure ne. Wasu jihohi suna rubuta "judgment of divorce", wasu "dissolution of marriage", duk abu ɗaya ne. Takarda ce mai shafuka da yawa, ɗauke da sa hannun alƙali, da lambar ƙara, da ranar hukunci, da yadda aka raba dukiya da bashi, da wanda zai riƙe yara, da kuɗin ciyarwa, da mayar wa mace sunanta na gida in ta nema.

"Divorce certificate" kuma abu ne daban. Shafi ɗaya ne, sunaye da wuri da rana, kuma yawanci ba daga kotu yake fitowa ba, daga ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na ma'aikatar lafiyar jiha yake. Wannan ita za mu kira takardar shaidar mutuwar aure. Ba kowace jiha ke ba da ita ba, kuma masu bayarwa suna da iyakar shekara. Ta New York ta fara daga 1963. Teksas wasiƙar tabbatarwa kawai take bayarwa daga 1968, kuma ita da kanta ta ce ba ta maye gurbin hukuncin. Kalifoniya tana da rajistar 1962 zuwa watan Yunin 1984 kaɗai, abin da take bayarwa kuma bai ma nuna cewa an kammala shari'ar ba. Amfanin waɗannan ofisoshi ga mai bincike shi ne su nuna masa gundumar da bai sani ba.

Malama mai koyar da Hausa:
Na karɓa, Barista, hujjar ta fi tawa. Sai dai a riƙe bambancin nan sosai a rubutu: raba aure aikin alƙali, mutuwar aure sakamakon. Kuma na ga ana rubuta "legal separation" da rabuwa, wanda zai rikita wannan duka.

Barista:
Gaskiya ne. Wannan raba zama ne bisa umarnin kotu, igiyar aure tana nan. A kira shi raba zama, kada kalmar aure ta shiga ciki.

Tsohuwar ma'aikaciyar rajistar kotu:
Saura "sealed", kuma ita ce tarkon da ya fi kama masu fassara, domin kalma ɗaya ce a Turanci ga abu biyu masu nisa. Akwai hatimin kotu da magatakarda ke bugawa a kwafi don ya shaida cewa daidai yake da na asali. Wannan shi ne "certified copy", abin da lauyoyin Nijeriya ke kira CTC. Mu ce kwafi mai hatimin kotu. Akwai kuma fayil ɗin da alƙali ko doka ta hana jama'a gani. Wannan ba hatimi ba ne, kullewa ce: fayil ɗin da aka kulle. Wanda aka ce masa fayil ɗinsa yana da hatimi zai yi murna, alhali cewa aka yi ba za a nuna masa ba.

A yawancin jihohi fayil ɗin raba aure a buɗe yake ga kowa, sai dai ana shafe lambar shaidar mutum ta Social Security da lambar asusun banki, ana kuma ɓoye rahotannin da suka shafi yara. New York ce ta fita daban. Sashe na 235 na dokarta ta zamantakewar iyali ya kulle fayil ɗin har shekara 100, ba mai gani sai ma'auratan da lauyoyinsu, ko wanda ya zo da umarnin kotu. Sabuwar mata ba za ta iya karɓo hukuncin auren mijinta na baya ba, sai shi ya je da katin shaidarsa, ko ya ba da izini a rubuce wanda notare, wato jami'in shaida sa hannu, ya shaida. Abin da bare ke iya samu shi ne gajeriyar takardar da ke faɗin yadda ƙarar ta ƙare.

Ga yadda ake nema. Abu na farko lambar ƙara. A New York "index number" ce, a Teksas "cause number", wasu wurare "docket number". Da ita aikin minti kaɗan ne. In babu, sai a ba da cikakken sunan duka biyun kamar yadda suke a lokacin ƙarar, da kiyasin shekara. Nan sunayenmu ke ba da wahala: Muhammad, Mohammed, Mohamed, kwamfuta tana ɗaukarsu mutum uku. Sau da yawa kuma an juya sunan yanka da na uba, an shigar da Abubakar Sani a matsayin Sani Abubakar. A gwada kowace siga, a gwada sunan matar na gida da na miji. Shafukan intanet na kotuna galibi jerin abubuwan da suka faru a ƙarar kawai suke nunawa, ba takardun ba, tsofaffin fayiloli kuma suna ma'ajiya ko a kan fim, sai an jira a ɗauko su.

Kuɗi kashi uku ne: na bincike in babu lamba, na kowane shafi, da na hatimi. A kotunan Kalifoniya kwafin shafi ɗaya santi 50 ne, a Teksas dala 1. Farashi na sauyawa, don haka a duba shafin magatakardan kafin a aika. Mai nema ta gidan waya ya haɗa da takardar kuɗi ta "money order" da ambulan mai adireshinsa da kan sarki, domin ofisoshi da yawa ba sa karɓar cakin mutum. Kamfanonin da ke tallar binciken tarihin mutane a intanet ba su da hatimin kotu, abin da suke sayarwa ba ya shiga ko'ina.

Tafintan kotu:
In kwafin ya zo, a karanta rana da kyau. Ganin sunan mutum a jerin ƙararraki ba ya nufin an raba auren, ana korar ƙara in mai ita ya daina bibiya. A Massachusetts hukuncin farko na wucin gadi ne, sai bayan kwana 90 yake tabbata, kamar yadda a babbar kotun Nijeriya ake jira wata uku ƙarƙashin dokar 1970 ta shari'un auren rajista. A Kalifoniya aure ba ya ƙarewa sai wata shida sun cika daga ranar da aka miƙa wa wanda ake ƙara sammaci, kuma a saman fom ɗin hukuncin, FL-180, akwai layi daban da ke nuna ranar da igiyar ta yanke. Tana iya zama gaba da ranar da alƙali ya sa hannu. Wanda ya ɗaura aure tsakanin ranakun biyu ya shiga matsala.

Mai fassara:
Allah ya saka da alheri. In za a kai hukuncin raba auren zuwa Nijeriya fa, hatimin magatakarda ya isa?

Barista:
Bai isa ba, Malam. Nijeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 da ta kawo "apostille", tambarin da ke sa ƙasashen yarjejeniyar su karɓi takardun juna, don haka doguwar hanya ake bi. Kwafi mai hatimin kotu ya fara zuwa ofishin Sakataren Jihar da gundumar take, a tabbatar da sa hannun magatakardan. A New York Ma'aikatar Jiha ce ke wannan aikin. Daga nan sai ofishin tantance takardu na Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, sannan ofishin jakadancin Nijeriya. Kada a cire ƙusar da ta haɗa shafukan don a yi hoto, ofisoshi da yawa suna ƙin karɓar kwafin da aka kwance. Kuma tun farko a nemi kwafi biyu ko uku masu hatimi, don wanda aka miƙa wa wata hukuma ba lallai ya dawo ba.